Furen Kabewar Malam

Da bayan cokali Auta take danna takardar a gefen gilashi, a hankali, har wani ɗan layi mai zurfi ya kewaye zanen, irin wanda farantin tagulla yake bari idan injin ɗab'i ya matse shi. Ta ɗaga takardar ta duba a haske, ta yi tari irin na Malam, ta ce da muryarsa, "Da saura, yarinya." Sai ta tuntsire da dariya ita kaɗai.

Kwaikwayo a jinin Auta yake. Ta iya tarin Malam, ta iya ɗingishin mai gadi, ta iya harar Gwaggonta da ta raine ta, har da yadda Gwaggon take rubuta "safe da yamma" a jikin ledar magani da hannun hagu. Abu ɗaya ne ya gagare ta, furen kabewar nan da ke rataye a bangon ɗakin zane.

A nan Malam yake koyar da zanen tsirrai da alƙalami da tawada, yadda zai fito tamkar tsofaffin hotunan da mutanen zamanin da suke sassaƙawa a tagulla su buga. Babu launi, babu shafe. Inuwa da layuka ake yin ta, layi ya gitta layi, kowanne ya fara siriri, ya yi ciki a tsakiya, ya ƙare kamar gashi.

Ɗakin yana da al'ada. Duk mai son a sallame shi da shaidar ƙwarewa sai ya kwafi furen kabewar. Ranar gwaji Malam zai cire hoton daga firam, ya miƙa wa ɗalibi, ya fita. Ɗalibi ya jera nasa da na bango a kan tebur. Idan Malam ya dawo ya nuna na bangon, sai baɗi. Tun zuwan Auta bai taɓa kuskure ba.

Ita kuwa ba ta da baɗi. Gwaggo ta riga ta yanke hukunci, in ta faɗi bana, bayan kantar shagon maganin Gwaggon za ta koma.

"Zane ba ya ɗora tukunya, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Na bar ki ne ki huce marmari."

Ko ranar da ta kawo ta wurin Malam, daga bakin titi ta nuna mata ƙofar ta juya.

Auta ta duƙufa. Ta yi jijiyoyin ganyen, ta yi ƙananan gashin kara da ɗigo-ɗigo, ta yi igiyar da ta nannaɗe kamar waya. Layukan inuwa ne suka ƙi. Nata suna kwanciya dama, na hoton suna kwanciya hagu. Malam ya taɓa gaya musu cewa ɗab'i juya hoto yake kamar madubi, shi ya sa aikin hannun dama yake fitowa a karkace. To, Auta ta mayar da alƙalami hannun hagu, ta murtuke fuska irin ta Gwaggo don nishaɗi. Abin mamaki, layukan suka kwanta luf.

Ta jiƙa takardar da ruwan shayi har ta yi kalar tsufa. Ta duba, ta yaba wa kanta. Amma idon Malam ba abin wasa ba ne, kuma wanda bai da baɗi ba ya caca. Sai ta sake zama, ta zana na biyu.

Ranar gwaji ɗalibai suka jeru a jikin bango. Malam ya cire hoton, ya miƙa mata da hannu biyu kamar jariri, ya kora kowa waje, ya ja ƙofa. Kafin tarinsa ya yi nisa Auta ta tura hoton ƙarƙashin shimfiɗar tebur, ta zaro nata biyu daga jaka ta jera. Duk wanda ya nuna, nata ya nuna.

Malam ya dawo shi kaɗai. Ya gyara tabarau, ya sunkuya kan na dama. Ya koma na hagu. Ya shafa gefen takarda da ɗan yatsa, ya kai hanci ya sansana.

Ya miƙe, ya cire tabarau, ya buɗe mata tafin hannu.

"Ina na ukun?"

Faɗuwa daban, ɓoye dukiyar ɗaki daban. Ta hango kanta a bayan kantar shago tana ɗaure ledar magani har tsufa. Ta ɗaga shimfiɗar, ta zaro hoton ta ba shi, kanta a ƙasa.

Malam bai ko kalle shi ba. Ya ɗauki ɗaya daga cikin na Auta, ya sa a firam, ya rataye a bango, ya ja da baya ya daidaita shi. Sannan ya naɗe wanda ta ɓoye, ya ɗaure da zare, ya danƙa mata.

"Kin ci, ja'ira. Mutum na biyu ke nan da ya zo mini da zane biyu," in ji shi. "Ta farkon Gwaggonki ce. Kai mata zanenta, ki ce na gaishe ta, kuma har yau ina jiran ta dawo mini da na asalin."