Dangwalen Yatsan Baba

Baba yana barci na kama babban yatsansa, na dangwala a tawada, na danna a kan takardar sayar da gidan. Mai saye yana jirana, ni kuwa hidimar jinya ta kai ni bango. Ƙanwata, wadda ta shekara uku tana juya shi a gado, tana tsakar gida tana wanke zannuwansa.

Ina goge masa yatsa na ga idonsa a buɗe. Tun da jikinsa ya shanye ba ya magana. Kallona kawai ya yi.

Washegari na kai wa lauyan Baba takardar don ya kammala cinikin. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya tashi ya rufe ƙofar ofis.

Ya ce, "Mahaifinka malamin makaranta ne, bai taɓa dangwala yatsa ba. Tun yana da lafiya ya bar mini takardun kyautar gidan guda biyu, ɗaya da sunanka, ɗaya da sunan ƙanwarka. Ya ce duk wanda a cikinku ya kawo mini dangwalen yatsan mahaifinku, in yaga takardar kyautar mai sunansa."

Ya jawo durowa a hankali, yana yi mini irin kallon Baba.