Kafaɗar Na Baya

Tanimu, ajiye biron nan ka dube ni. Na zana maka bim guda, wato gungumen kankare da ke kwance a kan ginshiƙi biyu, na ɗora masa tankin ruwa can gefe ɗaya, na ce ka faɗa mini abin da kowane ginshiƙi yake ɗauka, kai kuma ka raba nauyin gida biyu daidai kamar mai rabon naman watanda. Haba! Magidanci da kai, ka yi shekaru kana zuba kankare kafin ka zo ajin nan. Wa ya gaya maka kaya ya san adalci? Gyara zama in ba ka misali, in bai shige ka ba, to lissafin ma ba zai shiga ba.

Wasu 'yan'uwa ne su biyu, wa da ƙane, suna noman rani a fadama. Injin ban-ruwa ɗaya gare su, kuma ba a barinsa ya kwana a lambu saboda ɓarayi, don haka kullum sai su rataye shi a jikin gora su saɓa, su kai shi da safe su dawo da shi da yamma. A gidansu ƙane ba ya shiga gaban wansa, saboda haka wan ne a gaba, shi ne kuma mai ɗaurin igiya. Ran farko ya ɗaure ta a tsakiya, injin ya riƙa lilo yana dukan bayan ƙafarsa, sai ya tsaya ya tura igiyar baya. Goran kamu shida ne. Igiya ta koma kamu huɗu daga kafaɗarsa, kamu biyu daga ta ƙanensa. To, kai gwanin rabo, lissafa mini. Kaso biyu cikin uku na injin nan ya koma wuyan na baya, na gaba ya tsira da kaso ɗaya. Kuma ba da mugunta ya yi ba, ƙafarsa kawai yake karewa, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Haka aka yi ta yi, rani na bin rani. Kafaɗar ƙanen ta yi kanta, ta zube gefe guda, har riga ta daina zama masa daidai. Matarsa ta gaji da gasa masa ita da ruwan zafi, ta ce ya yi magana mana, ya ce ai da nauyi mutum ya ce wansa yana ƙwararsa. Sau ɗaya tak ya yi ƙarfin hali a hanya ya ce, "Yaya, kayan nan yana cin kafaɗata." Wan ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Gora ɗaya, inji ɗaya, kafaɗa biyu. Ta ina taka ta fi tawa?" Har rantsuwa ya yi cewa injin ba shi da wani nauyi, kuma bai yi kaffara ba, don shi iyakar abin da ya ji ke nan. Da yamma a majalisa ya riƙa ba da labarin ragwancin ƙanensa ana dariya. Ƙanen ya haɗiye, bai ƙara ɗaga zancen ba.

Shi kuwa gora ba ya jin kunyar kowa. Wan yakan duba tsakiyarsa ya ga ko ya lanƙwasa, amma bai taɓa duba ɗan guntun da ke tsakanin igiya da kafaɗar ƙanen ba. A nan inji ke danna shi ƙasa, kafaɗa na tura shi sama, dab da juna, kamar bakin almakashi. Wata rana suna hawowa daga rafi goran ya tsage daidai wurin, injin ya rikito a kan ƙafar ƙanen ya murƙushe ta. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, ƙafa ta haɗe a karkace. Mutum mai iyali, da sauran ƙarfinsa, daga ranar bai ƙara taka lambu ba. Wan kuma ya tafi kasuwa ya zazzage wa mai sayar da gora rashin mutunci, wai ya ba shi ruɓaɓɓe.

Da ya rasa abokin ɗauka sai ya nemo ɗan ƙwadago, baƙo, wanda babu kunya tsakaninsu. Baƙon ya dubi sabon gora, ya ce ko igiya ta zauna a tsakiya ko a nemi wani. Aka ɗaure a tsakiya, wan ya saɓa. Tafiya ba ta yi nisa ba kafaɗarsa ta ɗauki wuta, ya ce a sauke. Rabi ne fa kawai, Tanimu, rabi! Ya zauna a bakin hanya yana kallon injin. Da ya koma gida ya tarar da ƙanensa a zaure, ƙafa a miƙe, sandar dogarawa a gefe. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ƙanen ya ɗago kai ya ce, "Sannu da aiki, Yaya. Da nauyi, ko?"

Shi ya sa nake yi maka faɗa. Gobe za a ba ka ginin mutane, ginshiƙi kuwa ko "wayyo" ba zai ce maka ba, sai dai ka ji an ce ya faɗa kan 'ya'yan wani. Ka auna nisan kaya daga kowane gefe tun a takarda, kada ka jira a koya maka yadda aka koya wa wancan, wanda aka gaya masa bai ji ba sai da ya saɓa da kansa. Hausawa dai sun riga sun faɗa: jiki ya fi kunne ji.