Wanda Ya Kashe Mai Farar Alkyabba

Sandar farko a kafaɗa ta same shi, ta biyu a bayan gwiwa. Ja'afaru ya zube a lungun, tulun da ya ɗauko ya tarwatse, ruwan ya bi gangare.

Tsakar rana ce, lokacin da duk mai hankali a unguwar Misfala ta Makka ya rufe ƙofa ya miƙe ƙafa. Babu kowa sai tantabaru a kan katanga, su da ba mai taɓa su a garin nan.

Mai sandar ya tsaya a kansa yana haki. Rabe ne sunansa, Bakatsine, ɗan dako a bakin kasuwa. Tun da aka sauko daga Arfa Ja'afaru yake ganinsa yana raɓe-raɓe a gaban shagonsa na ɗinki. Ba sallama, ba ciniki, kallo kawai.

"Kai ne ka kashe Mai Farar Alkyabba," in ji Rabe. "A Bur Sudan. Da idona na gan ka."

Ja'afaru bai taɓa taka Bur Sudan ba. Amma bai musa ba, don shi ɗin ne ya kashe mutumin. Ya kuma san irin waɗannan masu kukan mutuwar wanda ba dangin iya ba na baba. A shekarun da ya yi a Masar ya sha fama da su: masu tofa masa yawu a hanya, mata masu janye 'ya'yansu in ya shigo layi, har da wani da ya jefe shi da takalmi a wurin shan shayi. Tumaki yake ce musu. Shi haifaffen Makka ne, ga ƙira ga murya, ga girman kai da ya yi masa katutu. Ko da ya dawo gida ya kama allura da zare, halin bai sake shi ba.

"Yalla, ya shaikh, kama gabanka," ya ce. "Ubanka ne shi?"

Sandar ta sauka a bakinsa. Ya ji haƙoransa na gaba sun koma ciki.

Rabe na duka yana magana, maganar da ya daɗe yana dakonta. Da ƙafa ya taso daga gida, shi da matarsa Aishatu. A hanya 'yan fashi suka tare ayarinsu, suka sare ta a gabansa. Maza cike da wurin ba wanda ya ɗaga hannu, har da shi kansa. Ya isa bakin teku duniya ta fita ransa. A can ne ya ga mutum ɗaya tak mai tsaya wa marasa ƙarfi, wanda harsashi ba ya huda shi, wuƙa ba ta kama shi, in ya ga dama ma ya tashi sama.

"Ɗan tauri na gaske! Da yana nan ran da suka tare mu, da Aishatu na raye. Kai kuwa, baƙi ɗan'uwana, ka lallaɓa ka kwance masa gurunsa, ka tunkuɗo shi daga kan bene. Jama'a na zaune suna cin gyaɗa! Ni kaɗai na miƙe da ihu, aka ja ni waje kamar kare."

Ja'afaru ya laluba ya kama tsinin fasasshen tulu, ya yanke shi a ƙwauri. Jini ya tsarto. Rabe ko kallon ciwon bai yi ba. Ya take masa hannun dama, ya sa gindin sanda ya farfasa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya yar da sandar, ya ciro dutse daga gindin katanga, ya ɗaga da hannu biyu.

"Ka rantse ba kai ba ne," ya ce. "Ka rantse a garin Allah in ƙyale ka. Shi wancan dariya ya yi bayan ya gama. Har yau dariyar nan ba ta bar kunnena ba."

Akwai maganar da za ta ceci Ja'afaru, gajeruwa ce kuma gaskiya ce. Ya sha watsa wa tumakinsa ita cikin izgili. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya dubi fuskar Rabe, ya ga hawaye na zuba shaɓe-shaɓe.

Masarawan da ya yi wa aiki ba su taɓa kiran sunansa ba, sai dai "ya Takruni", wato baƙar fata. Cewa suke yi jiki ne kawai da shi, kowane ƙato zai iya abin da yake yi. Masu tofin yawu kuma, da sun sha kwana sun manta da shi. Ga wani nan ya ɗauko fuskarsa a zuciya, ya haye teku da ita, shekara da shekaru bai ajiye ba. Wani irin daɗi ya ratsa Ja'afaru, daɗin da bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Karon farko ya kalli ɗaya daga cikin tumakin nan nasa ya ji yana ƙaunarsa.

Ya dogara da gwiwar hannu, ya mayar da kai baya, ya yi dariyar. Duk da karyayyun haƙora da jinin da ya cika masa baki, ta fito daidai yadda take.

Dutsen ya sauko.

Rabe da kansa ya miƙa wuya ga hukuma, yana ɗingishi, zuciyarsa wasai. Mutum ɗaya ne a duk Makka zai iya gaya masa, shi kuma an binne shi bayan la'asar: da jirgin ruwan Jidda ya ƙara mako bai tashi ba, da Rabe ya koma silimar nan ta Bur Sudan ya ga kashi na biyu na fim ɗin, inda jarumin da ya sauko daga taurari yake miƙewa, ya karkaɗe alkyabbarsa, ya shaƙe Ja'afaru da hannu ɗaya.