Baƙon da Mushe Isaka Yake Jira

Mushe Isaka ya sake jijjiga ƙofar ƙarfen, ya tabbatar kwaɗunan sun kama, sannan ya koma birò, wato ofishinsa, yana share gumi.

Shi ne shugaban haɗakar ƙungiyoyin manoman albasa na Madawa da Buza da Keita. A bayan ƙofar nan akwai manyan na'urori masu ajiye bayanan kowane manomi, da gonarsa, da irin da za a ba shi kafin damina. Abokan hulɗa daga Yamai ne suka kafa su, kuma sun yi gargaɗi cewa za su aiko wani ƙwararre a ɓoye ya gwada yin kutse. In ya samu shiga, za a kwashe na'urorin a kai Tawa. Isaka ya san in na'urori suka tafi, kujerarsa ma ta tafi.

Wani surukinsa da ke tuƙa mota a ofishin Yamai ya tsegunta masa cewa a wannan makon ne.

Isaka bai ji tsoro ba. Ya taɓa halartar taron bita a wani otal, ya ga hoton ɗan kutse a bango: saurayi, da jaka a baya, da ido kamar na ɓera. Ya kwatanta wa Hamidu mai gadi kamannin dalla-dalla, ya saya masa sabuwar gora.

Matsala ɗaya ce. Na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya tun jiya, ga zafin bazara, ga Karima mai kula da na'urorin ta tafi Keita gyaran rezo, wato layin sadarwa.

Da hantsi wata dattijuwa ta shigo da mayafi mai kauri da ƙullin goro. Ta ce sunanta Dela, daga Allakaye take, maganar taki ta kawo ta.

“Mai taki bai zo ba, Inna. Ki zamna ki jira.”

“To ɗana. Ga salulata ta mace, ko za a taimake ni da wuta?”

Wuraren jona wuta na bango duk fanka da firij sun cinye. Isaka ya karɓi salular da igiyarta, ya soka a jikin ordinatarsa, kwamfutar da yake aiki da ita, ya nuna mata benci. Ya ma sa aka kawo mata shayi, don shi mutum ne mai girmama na ƙasa.

Ana shirin azahar Hamidu ya leƙo yana haki.

“Mushe, ya zo! Da jakar da komi!”

Saurayi ne siriri, jaka a baya, hannayensa baƙi ƙirin da mai. Ya ce shi Inuwa ne, mai gyaran kilim, na'urar sanyin nan da ta tsaya, Madam Karima ta kira shi.

Isaka ya yi murmushi. Haka aka koya musu a bita: sukan haddace sunayen ma'aikata.

“Ina takardarka?”

“Wace takarda, ranka shi daɗe? Gas ɗin kilim na zo cikawa.”

“Har da mai anka shafa a hannu. Wallahi Yamai sun iya shiri.”

Aka zazzage jakar. Filaya, sukudireba, wayoyi, da wani agogon awo mai allura. Isaka ya ɗaga agogon sama ya nuna wa ma'aikatan da suka taru, ya ce da wannan ake tsotse bayanai. Inuwa ya rantse, ya kira Karima, layi bai shiga ba. Aka tura shi magazan cikin buhunan iri, Hamidu ya tsaya a ƙofa da gora.

Daga bayan ƙofar ƙarfe wata ƙara ta fara, tit, tit, tit. Inuwa ya yi kuwwa daga magazan cewa zafi ne, in ba a buɗe ba injuna za su ƙone. Isaka ya ce ko a lahira aka tambaye shi, bai buɗe wa ɗan kutse ƙofa ba.

Ya koma birò zuciyarsa fari tas. Babu wanda zai yi wa bayani sai dattijuwar, don haka ita ya yi wa. Ya gaya mata yadda duniya ta lalace, ɓarayi sun bar haura katanga sun koma bin waya. Ya buga lambar sirrinsa a gabanta da yatsa ɗaya, a hankali, yana faɗin ta haɗa sunan uwarsa da lambar motarsa, ko aljani bai cinta.

“Ikon Allah,” in ji Dela. “Mu dai boko ya wuce mu.”

Ya buɗe mata bayanan manoman Allakaye don ta ga ƙauyensu a cikin gilashi. Ta tafa hannu tana salati.

Da la'asar ta miƙe ta ce za ta rasa motar kasuwa, ta dawo wata rana. Ya cire mata salular da kansa, ya raka ta har bakin titi, ya yi mata alkawarin buhu biyu na taki.

Ƙarar ɗakin na'urori ta koma kuka mai tsawo, ɗan warin roba yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Isaka ya ce sai an gama da babban aiki. Ya tara ma'aikata, ya sa aka fito da Inuwa da ƙaiƙayi a gashinsa, ya kira ofishin Yamai, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

“Allo, Madawa ce. Albishirinku! Mutumin da kunka aiko mun kama shi tun daga bakin ƙofa, ko waya guda bai taɓa ba. Ga shi nan gabana yana kuka. Ku aiko a ɗauki mutuminku.”

Muryar da ta amsa daga Yamai ta ce, a hankali:

“Wane mutum, Mushe Isaka? Mu mace muka aiko.”