Man Bana

"Toka nake taunawa," in ji mijina, ya mayar wa mai cuku yankan da ya ba shi.

Tun da aka yi masa maganin ciwon maƙogwaro harshensa ya mutu, ya daina ci, wando yana zame masa. Likita ya ce in ramar ta ci gaba, gadon asibiti zai koma. Shi ya sa na jawo shi muka hau gari a ƙafa, muna kutsawa cikin masu ziyarar kabarin wani waliyyin Kiristoci, daga mai gurasa zuwa mai miyar wake, ko wani abu zai shiga.

A bayan babban coci, wata tsohuwa mai matsar man zaitun ta tare mu.

"Kai, ƙashi da rai! Wucewa za ka yi ba ka taɓa man bana ba?"

"Asara za ki yi, Inna."

"Man naka ne?"

Ta gasa burodin garinmu marar gishiri, ta goga tafarnuwa, ta tsiyaya man da aka matse da safe, kore shar. Ya gatsa don kunya. Sai tari ya sarƙe shi, idanunsa suka kawo ruwa. Na fara laluben waya in kira likita.

Tsohuwa ko gezau. "Bar shi, 'yar nan. Man da bai sa tari ba ai na fitila ne."

Ya ɗago yana share hawaye da hannun riga.

"Ɗaci," ya ce. "Ga yaji. Ƙaro min, Inna, ban da rowa."