Ƙafa Goma Sha Huɗu

Tun da teku ta iso Lakwaja aka kafa doka: ba a daka ƙananan jatan landen ƙasan ruwa a yi daddawa sai an ƙirga ƙafafunsu. Sha huɗu abinci ne. In suka wuce haka guba ne, a rufe kasuwa shekara guda.

Tabawa ta dire ƙwaryarta gaban Tanimu mai ƙirga, ɗan ƙanenta. Ya ɗauki guda, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya daɗe yana dubawa da gilashin ƙara girma.

"Nawa?" ta tambaya.

Ya sa farce ya ɓalle biyu. "Sha huɗu, Gwaggo."

"Madalla. Ka zo cin tuwo anjima."

"Azumi nake," in ji shi, da goro a bakinsa.