Tsagen 'Yar Tsanata

Matso kusa ka ji. Ni dai har yau ƙamshin jiƙaƙƙiyar laka yana mayar da ni Roni, wata la'asar da ruwa ya ɗauke.

Kakata ta ɗebo laka ta ce in gina 'yar tsana mai kama da ni. Na yi ta shafa fuskar har ta yi sumul, don 'ya'yan Fulani maƙwabtanmu kullum tsokanata suke saboda tsagenmu na Barebari, wai kyanwa ce ta yakushe ni.

Kaka ta jujjuya ta, ta taɓe baki. "Wannan baƙuwar 'yar gidan wa ce? In ta ɓata a kasuwa, wa zai kawo mana ita?"

Sai ta kama yatsana ta bi da shi kan kumatunta, sannan kan nawa. Ashe iri ɗaya ne! Ta miƙo mini tsinken tsintsiya, da hannuna na yi wa 'yar tsanar tsage.

Jikokina ba a yi musu ba, kuma ban damu ba. Amma kai, in aka ba ka laka, me za ka sa don a gane ɗan gidanku ne?